Ganyen da ke wa rago magani yana iya kashe kyanwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana a kan haɗe-haɗen maganin gargajiya da ke ta yawo a Facebook da WhatsApp da TikTok, waɗanda ake cewa a ba kyanwa ko kare ko tantabara ko aku. Mu ma'aikatan lafiyar dabbobi ne, kuma ba ma cikin masu raina itatuwan da iyaye da kakanni suka yi kiwo da su. Akwai masu aiki a cikinsu, za mu kawo su da ma'auninsu. Abin da ya dame mu shi ne, yawancin haɗin nan daga garken shanu da tumaki aka kwaso shi, aka juye wa dabbobin da halittar jikinsu ta sha bamban da ta dabbobin garke.

Saniya da rago da akuya masu tuƙa ne. Cikinsu kashi huɗu ne, tumbinsu kuma cike yake da ƙananan halittu da ke sarrafa ganye kafin ƙarfinsa ya isa jini. Kare da kyanwa tumbi ɗaya gare su, abin da suka haɗiya ba ya daɗewa ya shiga jiki. Ga kuma bambancin nauyi: ragon layya yana kai kilo 40 ko fiye, kyanwa kuwa kilo 3 zuwa 4 ce. Kyanwa ta fi kowa rauni a wannan fanni, domin hantarta ba ta da isasshen sinadarin da hantar mutum da ta kare ke warware wasu magunguna da shi. Shi ya sa ƙwayar farasitamol ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta: fuska ta kumbura, dasashi ya koma launin ƙasa-ƙasa, numfashi ya gagara. Wannan raunin ne ya sa man kanumfari da man bishiyar turare da sauran mayukan ƙamshi masu ƙarfi suke cutar da ita. Sannan kyanwa yini take tana lasar jikinta. Duk abin da aka shafa mata, a ɗauka an ba ta ne ta ci.

Haɗin da ya fi yaɗuwa shi ne na tafarnuwa, wai a daka a zuba a abinci don kashe tsutsar ciki da korar ƙuma. Tafarnuwa da albasa suna ɗauke da sinadaran da ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, kuma dafawa ko busarwa ko dakawa ba sa kashe wannan gubar. Giram 5 na albasa ga kowane kilo ɗaya na nauyin kyanwa ya isa ya taɓa jininta, wato kyanwa mai kilo 3 giram 15 kawai take buƙatar ci, yanki ɗaya ke nan na ƙaramar albasa. Ga kare abin yana farawa daga giram 15 zuwa 30 a kowane kilo. Tafarnuwa ta fi albasa ƙarfi. Abin da ke ruɗin masu dabba shi ne alamun ba sa fitowa a ranar. Sai bayan 'yan kwanaki dabba ta yi laushi, ta ƙi abinci, tana haki, fitsarinta ya yi ja ko ya yi kalar shayi. Mai gida sai ya ce ai tsutsar ce ta ci ƙarfinta, ya ƙara tafarnuwa. A ɗaga leɓen dabbar a duba dasashi: mai lafiya nasa ja-ja ne mai sheƙi, idan ya yi fari fat ko rawaya, jini ya yi ƙasa, a nufi asibitin dabbobi a ranar. A kula da ragowar miya da yajin tsire da kilishi ma, domin ƙaramin abu kullum yana taruwa. Goro da cakuleti su ma ba na kare ba ne, suna sa bugun zuciya da karkarwa.

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi ko maina, ita ce muka fi amincewa da ita ga kare, amma a fata kawai. Ƙarfinta yana cikin ƙwallon 'ya'yanta fiye da ganye. A tsinci 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, a murje ɓawon da naman a ruwa, a shanya ƙwallon a inuwa har ya bushe sosai. Wanda ya yi fumfuna a zubar, fumfunar guba ce ga hanta. A fasa, a fitar da ƙwayar ciki, a daka ta. Ma'auni shi ne giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, wato kamar rabin gwangwanin madarar ruwa a ruwan leda biyu. A jiƙa da yamma ya kwana, washegari a tace da tsumma mai tsabta, a narka ɗan sabulu kaɗan a ciki domin ruwan ya kama gashi. Kada a tafasa, zafi yana rage ƙarfinsa. Idan ganye kawai ake da shi, kilo ɗaya na ɗanyen ganye a daka a jiƙa a lita 5, amma a san cewa bai kai ƙwallon ƙarfi ba.

A yi wa kare wankan da la'asar, saboda hasken rana yana saurin lalata sinadarin. A jiƙa jikin har ruwan ya kai fata, ana shafawa saɓanin kwanciyar gashi, musamman wuya da hammata da gindin wutsiya da tsakanin yatsu. A kiyaye ido da baki da cikin kunne. A riƙe shi minti goma kada ya lasa, sannan a bar shi ya bushe a inuwa. Ragowar ruwan ba ya ajiyuwa, a watsa shi a makwancinsa. A maimaita sau ɗaya a mako har mako huɗu. Kada a yi wa 'yan kwikwiyon da ke shan nono, ko karya mai ciki, ko karen da fatarsa ta yi miki.

Inda mutane ke yanke ƙauna shi ne suna jiran su ga ƙuma ta zube matacciya nan take. Darbejiya ba haka take aiki ba. Hana ƙwaro cin abinci take yi, ta kuma dagula masa girma da hayayyafa, saboda haka sai a hankali ake ganin sauƙi. Babban dalilin da ke sa a ce ba ta yi ba kuwa shi ne an wanke kare an bar gidan. Ƙumar da ake gani a jikin dabba ɗan kaɗan ce daga cikin abin da ke akwai. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan yana zubewa a buhu da tabarma da ƙasar da dabba ke kwanciya, cikin mako biyu zuwa uku a lokacin zafi sabuwar ƙuma ta fito. Kaskar kare kuma a tsagar bango da ƙarƙashin duwatsu take ɓuya, mace ɗaya ta zuba dubban ƙwai. Don haka ranar wankan a share makwanci, a ƙone sharar, a wanke shimfiɗa da ruwan zafi a baza ta a rana, a liƙe tsagar bango da siminti ko laka. Wanda bai yi wannan ba, ko maganin kanti ya saya aikin banza zai yi.

Karen da ƙuda ke cin bakin kunnensa har ya yi jini da ɓawo, a wanke wurin, a haɗa cokali ɗaya na man darbejiya da cokali goma na man kaɗanya, a shafa kaɗan safe da yamma. Man kaɗanya shi kaɗai yana da kyau ga faso a tafin ƙafa da busasshen hanci a lokacin hunturu.

Kyanwa dai ba a shafa mata man darbejiya. An ga kyanwoyin da aka shafa wa suna dalalar da yawu, suna tangaɗi, suna karkarwa. Maganin ƙumarta mafi aminci mataji ne mai ƙananan haƙora irin na kwarkwata, da kwanon ruwan sabulu a gefe. A taje ta daga wuya zuwa wutsiya, duk abin da matajin ya kamo a tsoma a kwanon. Idan ana shakkar ko akwai ƙuma, a karkaɗe baƙin garin da ke gindin gashinta a kan farin tsumma mai lema. Idan ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, jinin kyanwar ne da aka sha. A yi tajewar kullum har mako uku tare da tsabtace makwanci. 'Ya'yan kyanwa ƙuma tana iya shanye musu jini har su mutu, a yi musu wanka da ruwan ɗumi da sabulun jarirai, a tsane su nan da nan domin sanyi yana saurin kama su. Maganin ƙuma na kanti da aka rubuta na kare ne kada ya taɓa kyanwa, da yawansu suna da sinadarin famitirin wanda ke sa ta jijjiga har ta mutu.

Kaska da hannu ake cire ta. A sa matsefata a kama ta dab da fata, a ja a miƙe a hankali ba tare da murɗawa ba, a jefa ta a wuta ko kananzir. Kada a ɗiga mata kananzir ko a ɗana mata ashana tana jikin dabba, kada kuma a matse cikinta, domin hakan yana iya sa ta juye abin da ke cikinta a jini. Karen da ya sha kaska sannan ya yi zazzaɓi, dasashinsa ya yi fari, ko hancinsa na zubar da jini, cutar jini ce kaska ta sa masa, kuma ba ganyen da ke kai wa gare ta. Zafin jikin kare da kyanwa mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.2, ma'aunin zafi na kemis ya isa a gane.

A fannin rauni, ruwan gishiri da zuma sun fi yawancin abin da ake barbaɗawa. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, a bari ya huce. A aske gashin da ke kewaye da raunin, a sa sirinji marar allura a feshe shi har ƙasa da datti su fita. A shafa zuma tsantsa, ba wadda aka haɗa da sukari ba, a rufe da bandeji, a canza sau ɗaya ko biyu a rana. Zuma tana janye ruwa daga jikin ƙwayoyin cuta, tana kuma hana raunin bushewa ya tsage. Matsalarta biyu ce: tururuwa, da dabbar da za ta lashe ta ta kwance ɗaurin. A yanka kwali a yi mata kwala mai faɗi a wuya yadda bakinta ba zai kai ba. Ga miki marar zurfi mai tsatsar ruwa a jikin kare ko rago, a tafasa bagaruwa cikin tafin hannu, an cire 'ya'yan, a lita ɗaya na minti goma, a tace sosai a wanke da shi, yana tsotse ruwan. Ba a zuba shi a rami mai zurfi ko ƙuna mai faɗi. Alobera, wadda ake kira kabar giwa, farin majinar cikinta kawai ake shafawa, ruwan rawayan da ke ƙarƙashin ɓawon yana sa gudawa mai tsanani idan an lasa. Raunin da ya huda ciki, ko ƙashi ya bayyana, ko cizon wata dabba ne, ko ya fara wari, ya wuce aikin gida. Doki kuwa ko ƙusa ce ta soke shi a kira likita, saboda sandarewar jiki ta tetanus tana saurin kama shi.

Da damina za a ga ɗan kwikwiyo da ƙuraje kamar maruru, kowanne da ɗan rami a tsakiya yana tsatsar ruwa. Idan aka zuba ido za a ga wani abu fari yana motsi a bakin ramin. Tsutsar wani ƙuda ce da ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ko kashi ya ɓata. Ta wannan ramin take numfashi, saboda haka a toshe shi da man kaɗanya ko basilin, a jira 'yan mintoci, za ta leƙo. A matsa gefe da gefe a hankali ta fito ɗungurungum, kada ta fashe a ciki, sannan a wanke da ruwan gishiri. A sauya masa makwanci zuwa wuri mai tsabta.

Gudawa ba ita ke kashe ɗan kwikwiyo ba, ƙarewar ruwan jiki ce. A ɗaga fatar bayan wuyansa a saki: idan ta koma nan take da sauƙi, idan ta tsaya a tsaye ruwa ya ƙare. Haɗin gishiri da sukari na yara shi ma yana yi masa, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ɗiga masa ta gefen baki kaɗan-kaɗan. Amma gudawar jini mai ƙarni tare da amai sau da yawa cutar fabo ce, tana kashewa cikin kwanaki, kuma jiƙon bagaruwa ko saɓara ba ya tare ta. Allurar rigakafi ce ke hana ta, daga mako 6 zuwa 8 da haihuwa, a maimaita duk mako uku zuwa huɗu har ya kai mako 16. Ita kuma kyanwa yawancin gudawarta daga madara ce, domin babbar kyanwa ba ta iya narka sukarin da ke cikin madara. Nama da kifi take buƙata. Wadda aka riƙe da tuwo da shinkafa zalla idonta da zuciyarta suna lalacewa a hankali.

Makiyaya sun daɗe suna ba tumaki da dawaki jiƙon ɓawon maɗaci da ganyen marke saboda tsutsar ciki, masu kaji kuma suna amfani da 'ya'yan gwanda. Ba mu ce ba su da tasiri ba. Sai dai ƙarfin sassaƙe yana bambanta daga bishiya zuwa bishiya, daga rani zuwa damina, da kuma daɗewar tafasa, saboda haka ba mai iya cewa ga adadin da zai kashe tsutsa ya bar kyanwa mai kilo 3 da rai. Ra'ayinmu a nan a bayyane yake: kada a ɗura wa kare ko kyanwa kowane jiƙon sassaƙe. Maganin tsutsa na asibiti da nauyi ake auna shi, kuma ba shi da tsada. 'Yan kwikwiyo ana fara ba su daga mako biyu, duk mako biyu har su kai wata uku, sannan duk wata har wata shida, daga nan duk wata uku. Wannan ya shafi yaran gida ma, tunda ƙwan tsutsar kare yana zama a ƙasar da suke wasa.

Ƙazuwa ce ta fi jawo aika-aika. Ƙwayar da ke kawo ta rami take haƙawa a cikin fata, wankan ganye ba ya isa inda take. Da mai kare ya ga abin ya ƙi, sai ya koma ga baƙin mai, ko kananzir, ko fiya-fiya, ko jiƙon taba, ko ruwan tumfafiya, ko majimfa da ake kashe kifi da ita. Duk waɗannan suna ratsa fata, ballantana fatar da ta riga ta yi miki. Ƙazuwa tana warkewa da maganin likita irin su ibamektin, amma likita ne zai auna, domin wasu karnukan ƙasashen waje ba sa jure shi. A kuma bambanta ta da makero, mai zagayayyen tabo da karyayyen gashi, wanda ke saurin kama yara daga jikin kyanwa.

Idan an riga an shafa wa dabba guba, a wanke ta da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke sau biyu ko uku, mai wankin ya sa leda a hannu. Kada a ɗura mata manja ko madara. Dabbar da ke karkarwa ba ta iya haɗiya daidai, man sai ya wuce huhu ya zama wata cutar. Idan kananzir ko fetur ta sha, kada a sa ta amai. A ɗauki kwalbar ko ganyen a tafi da shi wurin likita. A gidan da ake kiwon 'yan kwikwiyo masu tauna duk abin da suka gani, a kula da 'ya'yan zurma da na bini da zugu da zaƙami.

Masu tantabara za su iya shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya a sheƙa, a riƙa canzawa bayan kowace ƙyanƙyasa. Kaji a tanadar musu toka da yashi su yi birgima, tantabara kuwa ruwan wanka take so a faffaɗan kwano. Idan aka buɗe bakin ɗan shila aka ga wani abu rawaya kamar cuku a maƙogwaro, kada a kankare, jini zai ɓalle. Cutar ta ruwan sha ɗaya da ɗurar iyaye take yaɗuwa, a ware marasa lafiya, a wanke mazubin ruwa kullum, a nemi magani wurin likita. Murɗewar wuya da koren kashi mai ruwa kuwa ƙwayar cuta ce dangin annobar Nukasil da ke share kaji da hunturu, barkono da maɗaci a ruwan sha ba sa tare ta. Duk tsuntsun da aka sayo a kasuwa a keɓe shi aƙalla mako biyu. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin rigakafin Nukasil na kaji, har da nau'in I-2 mai jure zafi. Aku kuma kada a ba shi fiya, wadda wasu ke kira abokado, tana kashe shi, kuma kada a rufe shi a ɗaki da hayaƙin turaren wuta ko maganin sauro.

Ciwon haukan kare shi ne abin da ya fi sa mu rubuto wannan wasiƙa, domin a nan ran mutum ake magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan ba mai tashi. Ba saiwa ko sassaƙe ko ƙonannen gashin kare da ke hana shi. Kare da kyanwa a yi musu allura suna wata uku, a sabunta duk shekara. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, ya wuce asibiti a ranar don allurar rigakafi, ba tare da jiran ganin abin da zai faru ba. Dabbar da ta yi cizon a tsare ta kwana goma ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi.

Malam Edita, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ga kuma asibitocin dabbobi na jihohi, amma masu kyanwa da tantabara da yawa sun ɗauka na masu shanu ne kawai. Muna roƙon jaridarka ta riƙa buga wuraren da ake allurar haukan kare a kowace jiha, musamman gabanin 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. Muna kuma roƙon duk wani haɗin maganin dabba da aka aiko muku, ku nuna wa likitan dabbobi kafin ku buga, ku tambayi mai haɗin wace dabba yake nufi da kuma nauyinta.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar dabbobi,
Zariya, Jihar Kaduna.